Yadda Nake Kare Ramata Daga Ƙwari Ba Tare da Na Zuba Wa Mutane Guba a Kwano Ba

Kafin ka tambaye ni maganin ƙwarin rama, ni zan fara tambayar ka: me kake nema a jikinta? Ganye kake so na kwaɗo da fate da dambu, ko ɓawon kara kake jira ka yi igiya, ko kuwa iri kake son tarawa na baɗi? Amsar nan ita ce ke nuna maka ƙwaron da ya dame ka da wanda za ka wuce shi ka ƙyale. Mai neman igiya, ganyensa ya huhhuje bai yi babbar asara ba muddin kara ya miƙe. Mai neman iri, faɗansa yana can ƙarshen damina. Ni kuwa ganye nake sayarwa, ina da 'yan kwamai a fadamar Galma nan Zariya, ina haɗa rama da yakuwa da kuɓewa, kuma abin da na yanka da asuba, kafin la'asar yana cikin kwanon wata mai tallan kwaɗo a bakin makaranta. Yaro ne zai ci shi. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan, kwalbar magani ce ke zuwa a ƙarshe, wani lokacin ma ba ta zuwa sam.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne cewa rama da yakuwa da kuɓewa da auduga duk 'yan gida ɗaya ne. Ƙwaron da ya ci wannan zai ci waccan. Idan maƙwabcinka ya bar tsohuwar kuɓewa a tsaye ta gama haihuwa, kai kuma ka zo ka watsa sabuwar rama a gefenta, to ka yi wa ƙwari walima ne. Ka nisanta sabon kwami daga tsohon shuka gwargwadon yadda filinka ya ba ka hali, in kuma akwai gero ko dawa ko masara, ka sa su a tsakani.

(Akwai irin ramar da ganyenta ke rarrabuwa yatsu-yatsu, har baƙo ya tsaya yana leƙen gonarka yana zaton tabar wiwi ce. Ba su haɗa dangi ba. Noman wiwi laifi ne a dokar Najeriya, hukumar NDLEA na farautar masu yi. Rama kuwa abinci ce, har cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan ta fitar da ingantattun irinta, kamar Ifeken 400. In wani ya yi maka gardama, tsinko ganye ka ba shi ya tauna, tsamin zai raba ku.)

Mai tsalle, wanda ke huda ganye

Wannan shi ne babban abokin gabar mai rama, kuma a kansa zan fi daɗewa. Ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai sheƙi, tsawonsa 'yan milimita ne kawai. Kala biyu nake gani: mai ruwan ƙasa-ƙasa da ja-ja, da mai baƙi da shuɗi-shuɗi. Da ka miƙa hannu sai ya yi tsalle ya ɓace. Aikinsa shi ne huda ganye ƙananan ramuka zagayayyu, in sun yi yawa ganyen ya koma kamar rariya. Masu saye suna gani. Wata Inna da ke ɗaukar kaya a wurina, in ta ɗaga dami ta hango haske ta cikin ganyen, cewa take, "Malam, wannan ai an riga ni ci, sai ka rage min kuɗin abin da aka cinye."

Ɓarnarsa ta gaske a makonni uku zuwa huɗu na farko take. Tsiro mai kunne biyu ba shi da abin da zai bayar, idan aka huda waɗannan kunnuwan ya tsumbure ko ya mutu. Da rama ta kai gwiwa ta fi ƙarfinsa, tana fitar da sabon ganye fiye da yadda yake ci. Saboda haka duk wahalar da za ka sha, ka sha ta a watan farko. A kuɓewa kuma akwai ƙarin matsala, don shi ne ke ɗauko cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare da rawaya daga wannan gindi ya kai wancan, kuma cutar ba ta da magani sai tugewa.

Ga abin da nake yi. Ina zuba iri da ɗan yawa fiye da yadda nake bukata, domin in ƙwaro ya ci rabonsa a samu na ragewa. Abin da na tsuge wajen ragewa ba ya zubewa, miya ake yi da shi. Da tsiro ya fito, sai in tankaɗe tokar murhu mai sanyi, in ɗaure ta a tsohon ƙyalle mai sako-sako, in bi kwami ina kaɗawa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, don ta manne wa ganye. Toka ba ta kashe shi, hana shi sakewa take yi ya ci. Kada ka jibga ta, ɗan hoda-hoda ya isa, kuma ruwan sama ɗaya ke wanke ta, sai ka sake. Tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta kada ta kusanci abincinka.

In kwamin ƙarami ne na bayan gida, rufe shi da raga a makonnin farko ya fi komai. Ka kafa 'yan sanduna, ka shimfiɗa raga a kai, ka danne gefuna da ƙasa. Amma ragar taga ko ragar da ba a sa mata magani ba nake nufi. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti yana ɗauke da maganin ƙwari a cikin zarensa, kuma don 'ya'yanka su kwana a ciki aka ba ka, ba don rama ba.

Akwai kuma dabarar faranti. Ka samu faffaɗan roba mai launin rawaya, gefen tsohuwar jarkar mai ma ya yi, ka shafe shi da man shafawa mai kauri. Mutum ɗaya ya riƙe shi ɗan sama da shuka yana tafiya a hankali, wani ya bi yana kaɗa ganyen da reshe. Ƙwaron zai yi tsalle ya manne. Yara suna son aikin nan, har gasa suke yi. Da rana tsaka aka fi kama su, lokacin da suka fito saman ganye.

Kada ka raina noma da fartanya. Uwar ƙwaron tana saka ƙwai ne a ƙasa kusa da gindi, tsutsar ta zauna a can tana cin ƙananan saiwoyi kafin ta rikiɗe ta fito. Sassaɓe saman ƙasa yana tone su rana ta buga, kaji da tururuwa su tsince.

Ruwan darbejiya

In toka da faranti sun gaza, sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, 'yan Nijar kuma su ce bedi. Mutane da yawa sun gwada sun ce ba ta aiki, kuma in ka bincika za ka tarar ganye suka ɗebo suka jiƙa na awa ɗaya, suka fesa da tsakar rana, suka dawo da yamma suna neman gawar ƙwari. Ƙarfin darbejiya a ƙwallon 'ya'yanta yake. Ganye yana da ɗan amfani, amma bai kama ƙafar ƙwallo ba.

Idan 'ya'yan sun nuna sun yi rawaya suna zuba, jemagu da tsuntsaye sukan tsotse naman su yar da ƙwallon a gindin itace. Wannan za ka tsince. Ka wanke, ka shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, ka ajiye a kwando ko buhun da iska ke ratsawa. In ka ƙulle shi a leda zai yi fumfuna ya lalace. Kuma kada ka bari ya shekara, ƙarfinsa raguwa yake.

Ranar da za ka haɗa, ka sussuka ƙwallon a turmi a hankali ɓawon ya fashe, ka sheƙe, ƙwayar ciki ta rage. Ita za ka daka ta yi gari, amma kada ka kirɓa har mai ya fara fita. Ma'aunin shi ne giram 50 na ƙwaya a kowace lita ɗaya ta ruwa. Wato tankin feshi na goyo mai lita 16 yana bukatar giram 800, ɗan kwamin gida kuma giram 250 a lita 5 ya wadatar. In ba ka da sikeli, ka kai wa mai shago ya auna maka sau ɗaya, ka zuba a gwangwani ka yi alama, ka huta. In ba ka ɓare ba, da ɓawonsa ka daka, sai ka ninka. Ka ɗaure garin a ƙyalle ka jiƙa ya kwana, da safe ka matse sosai har ruwan ya yi fari-fari, ka sake tacewa da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfo. Sannan ka narkar da sabulun salo ko sabulun wanki na sanda, kamar ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita, ka zuba. Sabulun ne ke sa ruwan ya kwanta a ganye maimakon ya gangare. Garin sabulun wanki na leda kuwa ƙona ganye yake, ka bar shi wa tufafi. Turmin da ka daka darbejiya a ciki ma ka keɓe shi, in ba haka ba uwargida za ta neme ka ranar da tuwo ya yi ɗaci.

Da yamma ake fesawa, bayan la'asar sakaliya, saboda hasken rana yana karya sinadarin da ke cikinta, kuma a lokacin ƙudan zuma ya koma gida. Ka juya bakin famfo sama ka jiƙa bayan ganye, don can ne mafi yawan ƙwari ke zama. Abin da ka haɗa yau ka ƙarar da shi yau. Ka maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko bayan ruwa mai ƙarfi.

Ba za ka ga ƙwari sun zube a ƙasa ba. Darbejiya tana sa ƙwaro ya ƙi cin ganyen, tana hana tsutsa saɓa ta girma, tana rage saka ƙwai. Inda za ka duba ka san ta yi aiki shi ne sabon tofo: in ganyen da ya fito bayan feshi ba huji, to magana ta ƙare. Ni nakan dakatar da ita kwana uku ko huɗu kafin yanka, in kuma gaya wa masu saye su wanke kafin su dafa, saboda ɗaci.

Masu tsotso

Waɗannan ba sa huda ganye, ruwan jikinsa suke zuƙa, shi ya sa sai sun yi nisa ake farga. Ka saba da juya ganye. Sau biyu a mako ka ratsa gonar, ka tsaya nan da can, ka duba bayan ganye da kan tofo.

Na farko su ne ƙananan nan masu taushin jiki, kore ko baƙi-baƙi, da ke cunkushewa a tofo su sa ganye ya nannaɗe, su bar masa darɓa mai danƙo, daga baya baƙin fumfuna ya hau kai. In ka ga kiyashi na hawa da sauka a karan rama, bi shi, zai kai ka inda suke. Zaƙin darɓar yake sha, yana kuma korar masu cin su. In gindi biyu ko uku ne kawai, ka tsinke tofon ka binne. In sun bazu, ruwan sabulu kaɗai yana kashe su, amma sai ya taɓa jikinsu. Kuma yawan zuba takin yuriya yana jawo su, don yana sa ganye ya yi laushi da ruwa. Mai son ganye ya yi kore shar yakan wuce gona da iri a nan. Ruɓaɓɓen takin gida ya fi zama lafiya.

Farin ƙuda shi ne ɗan mitsitsin da ke tashi fari fat in ka girgiza shuka. Ya fi damun masu noman rani, kuma shi ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye a kuɓewa da auduga. Farantin rawaya mai mai da na ambata, in ka kafa shi a sanda daidai tsayin shuka, yana kama su, yana kuma nuna maka ko suna ƙaruwa. Darbejiya da sabulu a bayan ganye suna rage 'ya'yansu. Akwai kuma mai farin gari-gari da ke taruwa a kan tofo har ya dunƙule ya daina tsawo. Shi kam kada ka ɓata magani, garin da ke jikinsa kare shi yake. Yanke wurin ka ƙona.

Da zafin bazara, in ganye ya fara yin ɗigo-ɗigon rawaya, bayansa kuma da siririyar yana, to jan ɗan mitsitsin nan ne dangin gizo-gizo. Ƙura da fari yake so. Wanke bayan ganye da ruwa yana karya shi. Abin da ke ƙara masa ƙarfi kuwa shi ne yawan feshin maganin kanti, domin maganin yana kashe masu cin sa, shi kuma ya tsira.

Tsutsar da ke naɗe ganye ta ɗinke shi da zare ta shige ciki, ita ba ta bukatar dogon bayani. Koriya ce mai duhun kai. Magani ba ya isa gare ta a cikin naɗin. Ka matse ganyen da yatsu biyu, ko ka tsinke ka jefa wa kaji. Fara ma da sanyin safiya ake kama ta da hannu tun ba ta ji rana ba. Sai dai farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, kada a soya ta.

Ba duk mai motsi ne maƙiyi ba. Ɗan ƙwaron nan mai zagayen baya, ja ko rawaya da ɗigon baƙi, shi da tsutsarsa masu darɓa suke ci. Zanzaro yana kwashe tsutsa ya kai ɗakin da ya gina da laka. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da ƙadangare duk ma'aikatanka ne da ba sa karɓar lada. Wanda zan ce ka yi hattara da shi shi ne dogon baƙin nan mai ratsin ja ko rawaya da ke cin fure. Kada ka murje shi da hannu, ruwan jikinsa yana sa fata ta yi bororo. Ka kaɗa shi ya faɗa cikin bokitin ruwan sabulu.

In har sai ka je shagon magani

Wani lokaci abin yakan fi ƙarfin toka da darbejiya, musamman ga mai babbar gona ta igiya ko ta iri. To ka je da ganyen da ƙwaron a leda, ka fara nuna wa malamin gona. Mu nan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru na kusa da mu, amma kowace jiha tana da ma'aikatan faɗakar da manoma. Mai shago ɗan kasuwa ne. Zai ce maka, "Alhaji, a haɗa maka da wannan, nan take suke zubewa." Zubewa nan take ba ita ce tambayar mai ganye ba. Tambayarka ita ce: kwana nawa zan jira bayan feshi kafin in yanka? Adadin yana rubuce a jikin kwalba. In ba ka iya karanta shi ba, a karanta maka. In kwanakin sun fi tazarar da ke tsakanin yankanka biyu, maganin ba naka ba ne. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka duba ratsin launi a ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai jan ratsi ba shi da hurumi a gonar ganye. Na tsutsa akwai wanda ake yi da wata ƙwayar halitta da ake kira Bt, tsutsa kaɗai yake kashewa, in ka same shi ya fi.

Fiya-fiya kuwa, kada ta taɓa ganyen da za a ci. Sinadarin da ke cikinta, dichlorvos, shi ne aka samu ya yi yawa a busasshen waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015. Wancan wake ne da ake daɗewa ana dafawa. Rama kuwa tafasa ɗaya ake yi mata a matse a zuba ƙuli-ƙuli. Haka nan maganin da aka juye a gorar ruwa ba suna ba takarda, ko kyauta aka ba ka, ka gode ka bar shi.

Ka auna daidai yadda aka rubuta. Ƙara murfi ɗaya "don ya ji" ba ya ƙara komai sai ƙona ganye da saura a abinci, ragewa kuma yana koya wa ƙwari jurewa. Farin ƙuda da masu darɓa sun riga sun saba da yawancin magungunan da aka fi fesawa, shi ya sa za ka ji manomi na cewa maganin bana jabu ne alhali ƙwaron ne ya canja. Ka sa doguwar riga da takalmi, ka rufe hanci da baki, ka ba iska baya, kada ka ci goro ko ka sha ruwa kana cikin feshi. Tanki kuma ba a wanke shi a kogi ko bakin rijiya, kwalbar da ta ƙare a huda ta kada wani ya zuba mai a ciki.

Mai neman iri da abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Rama takan yi fure idan rana ta fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Da kwanson iri ya fara ƙosawa sai jan ƙwaron auduga ya bayyana, mai ɗigon baƙi a fiffike, sau da yawa biyu-biyu manne da juna ta baya. Yana soka baki ya tsotse ƙwayar iri, ka zo shuka baɗi ka ga rabi bai fito ba. Yana rayuwa a 'ya'yan kuka da na rimi da suka faɗo ƙasa, don haka mai gona kusa da waɗannan itatuwa ya fi shan wahalarsa. Da sassafe sukan taru wuri ɗaya, sai ka kaɗe su cikin bokitin ruwan sabulu. Kuma kada ka bar iri ya daɗe a tsaye: da kwanson ƙasa sun bushe, ka yanke, ka ƙarasa shanyawa a gida. Irin rama yana da mai a jikinsa, yana saurin mutuwa in ya ji zafi da laima, sai a bushe shi sosai a rufe a wuri mai sanyi.

Akwai kuma ramar da za ka ga ta tsumbure, tana yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, ka duba ganye ba ƙwaro ko ɗaya. Tuge gindi ɗaya ka duba saiwa. In ka ga ta yi ƙulu-ƙulu, to wata siririyar tsutsa ce da ido ba ya gani ta shiga ciki. Rama tana da rauni ƙwarai a wajenta, ta fi yakuwa, kuma ƙasa mai yashi ta fi ɗauke da ita. Feshin ganye ba ya yi mata komai. Wannan kwamin ka hutar da shi daga rama da kuɓewa da tumatir, ka sa gero ko dawa ko masara na shekara biyu ko uku, ka yawaita takin gida, tunkuzar darbejiyar da ka matse ma a nan za ka zuba ta ka juya da ƙasa. Idan kaka ta yi ka gama kwashe amfani, kada ka bar kututture a tsaye har rani. Ka tuge su da saiwarsu, masu ƙulu-ƙulun ka tara su gefe su bushe ka ƙona, ka kafce ƙasar rana ta dake ta kafin ka sake zuba iri.